Kira da Ƙira

Idan kana son ganin ɓacin ran Malam Ƙugiya, ba sai ka zage shi ba. Rubuta "kasa" a inda kake nufin ƙasa, ka ajiye takardar a gabansa, ka koma gefe ka sha kallo. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana gyaran rubutu a maɗaba'a da jan biro a bayan kunne, kuma duk tsawon shekarun nan yaƙi ɗaya ya sa a gaba, wato kowane harafi mai ƙugiya a ba shi ƙugiyarsa. Daga nan laƙabin ya samo asali, har ya danne sunan yanka. Labarin da ya fi son bayarwa, wanda iyalinsa suka ji har kunnensu ya gaji, shi ne na wani katin gayyata da aka taɓa bugawa aka ce ana maraba da "manyan baki". Sai ya dakata, ya dubi mai sauraro, ya ce, "To ai kuwa sun zo. Ko ƙashi ba su bari ba."

Yanzu ya yi ritaya, a baki dai. Autarsa ce ke da shagon buga takardu a bakin titi, ɗaki ɗaya mai inji biyu, da kwamfuta, da wuƙar yankan kati, da wata fanka da ta fi ba da ƙara a kan iska. Kullum da hantsi sai ga Malam da jarida a hammata, wai ya zo su gaisa ne. Gaisuwar takan kai la'asar. Auta ba ta hana shi, don tsakani da Allah idonsa ya sha fitar da ita kunya. Shi ne ma ya matsa mata sai da ta sa wa kwamfutar haruffan Hausa, ya kuma koyi inda ake danna su da yatsa ɗaya.

Malam yana da aboki guda tun suna samari, Maƙeri. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, yana ƙera ƙofofi da tagogi da gadaje na ƙarfe, yana lanƙwasa musu ganye da reshe da hannu, irin aikin da sai ka taɓa kafin ka yarda ƙarfe ne. Amma guduma ta karɓi ladanta. Shekara arba'in na bugun ƙarfe sun cinye masa kunne, har ta kai sai an yi masa ihu ko a rubuta masa. Waya kuwa ta zame masa abin kunya. Mai neman aiki zai kira, ya yi ta "Wa? Me ka ce?" har mutum ya gaji ya kashe, ya nemi wani. Maƙerar tasa ga ta a wani lungu da sai ka yi tambaya uku kafin ka same shi. A hankali aiki ya ja baya, wuta takan yi kwana huɗu ba a hura ta ba.

Babban ɗan Maƙeri, wanda kowa ke kira Injiniya, ya daɗe yana roƙon uban ya rufe wurin ya koma gidansa ya huta. Ba mugun ɗa ba ne, tausayi ne ke cinsa. Maƙeri kuwa jin maganar yake kamar an ce ya je ya kwanta ya jira ranarsa. Da ja-in-ja ya yi yawa sai suka yi yarjejeniya. Za a yi baje koli a wani babban gari mai nisa, Injiniya zai kai shi da ƙofofi uku. In aka yi wata guda bayan nan babu ko mutum ɗaya da ya nemi aikinsa, shi da hannunsa zai sa wa maƙerar kwaɗo.

A kan haka ne Maƙeri ya zo shagon Auta a buga masa kati. Ya miƙa mata wata takarda da Injiniya ya rubuta masa adireshin imel ɗin da ya buɗe masa, ya ce da muryarsa da ke cika ɗaki, "Yaron nan ya ce ke kin san yadda za a yi. Ni dai kada ki sa lambar waya, na gaji da jin kunya."

"Baba Maƙeri, kwantar da hankalinka," in ji Auta, tana ɗaga murya tana nuna masa wani tambari mai kusurwa huɗu, cike da ɗigo-ɗigo baƙi da fari. "Irin wannan zan yi maka. Adireshinka yana ɓoye a ciki. Mutum ya haska shi da kyamarar waya, sai wasiƙa ta buɗe masa da kanta, ga adireshi, ga kan magana. Shi dai ya rubuta abin da yake so ya tura. Kai kuma ka sa tabarau ka karanta."

"Babu magana?"

"Ko tari ba za ka ji ba."

Maƙeri ya yi dariya har da buga cinya. Malam ya leƙo ta saman jarida, ya taɓe baki ya ce, "Yanzu wannan kashin ƙudan shi ne rubutu? Allah ya nuna mana zamani."

Auta ta zauna ta shigar da adireshin, ta sa kan magana "Ina son aikin ƙarfe". Ba ta kai ga danna wurin haɗa tambarin ba sai mai kawo takarda ya yi hon a waje, ta fita duba kaya, Maƙeri ya bi ta don ya kama mata. Malam ya rage shi kaɗai da kwamfuta. Hali zanen dutse! Ya ce bari dai ya ɗan leƙa.

Abin da ya gani shi ne "gidankira", sai sauran tarkacen da ke bin bayan adireshi.

Gidan kira? Wa ake kira? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ƙira, mutumin da ko kiran ma ba ya ji, shi za a rubuta wa gidan kira? Ran Malam ya sosu, kuma wallahi don abokinsa ya sosu. Ya ce a ransa, yaran yanzu an kai su makaranta sun dawo ba su san bambancin kira da ƙira ba. Ya ja kujera, ya goge harafin, ya lalubo nasa da yatsa ɗaya ya dasa. Ya duba, ya ji sanyi a ransa, ya koma ya buɗe jaridarsa. Bai faɗa wa kowa ba, don a ganinsa alherin da aka yi shelarsa ya rage lada.

Da Auta ta dawo ta haɗa tambarin, ta haska da wayarta don gwaji. Wasiƙa ta buɗe tsaf. Idon da ya tashi a gidan Malam ya saba ganin ƙira da ƙugiyarta, don haka ya wuce ta kai bai tsaya ba, ita kuma ba ta tura saƙon ba tunda ta ga ya buɗe. Aka buga kati ɗari biyar, sama an rubuta GIDAN ƘIRA, tsakiya tambari, ƙasa "Haska nan ka aiko da saƙo". Can a gefe, da ƙananan haruffa, sunan shagon Auta da titinsa, kamar yadda take sa wa duk abin da ta buga.

Maƙeri ya dawo daga baje koli bakinsa har kunne. Ya ce mutane sun yi ta shafa ƙofofin, suna ɗaukar hoto, kati kuwa ko ɗaya bai dawo da shi ba. Ya sayi sabon gawayi, ya share maƙera, ya jera gudumominsa daga babba zuwa ƙarama. Malam yakan biya ta wurinsa da yamma, ya same shi zaune a kan benci da tabarau a hanci da waya a hannu.

"Yaya, mutumina, an fara?" Malam zai tambaya da hannu.

"Sai sun koma gida sun yi shawara da matansu," in ji Maƙeri. "Ƙofa ba riga ba ce."

Mako ɗaya, shiru. Mako biyu, shiru kake ji. Maƙeri ya kai wa Injiniya wayar ya duba ko ta lalace, Injiniya ya tura masa saƙo daga tasa wayar, ya shigo nan take. Wato ba waya ba ce. Daga ranar Maƙeri ya daina kawo uzuri. A mako na uku Malam ya tarar da shi bai ma fito da wayar ba, yana zaune yana juya tafin hannunsa yana kallo.

"Ka san me na gane?" ya ce, a karon farko da ƙaramar murya. "Tausayina suka ji. Sun ga tsoho kurma a tsaye, suka karɓi kati don kada na ji kunya. Aikina ya wuce yayi, ni ne ban sani ba."

Malam ya ciro biro ya rubuta masa a gefen jarida, "Mutanen yanzu ba su san abu mai kyau ba." Ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya koma gida ranar yana ta faɗa da zamani, ya ce wa matarsa duniya ta lalace, an fi son ƙofar kanti mai kama da gwangwani. Har da cewa shi dama tun farko bai yarda da kashin ƙudan nan ba. Kai, ɗan Adam!

Ranar da wata ya cika, Malam bai iya zuwa maƙera ba. Ya san Injiniya zai kawo mota a kwashe kaya da hantsi, kuma zuciyarsa ba za ta ɗauki ganin haka ba. Ya tafi shagon Auta ya zauna, jarida a buɗe, ba ya karanta komai.

Wajen ƙarfe goma wata mata ta yi sallama, dattijuwa mai tabarau da babbar jaka, da ka gan ta ka ga wadda ta saba a bi umarninta. Ta ajiye kati a kan tebur ta ce, "Ku kuka buga wannan?"

Auta ta ce, "Mu ne, Hajiya. Lafiya?"

"Ina fa lafiya. Makarantar yara nake da ita, ƙofar gaba nake so, irin wadda na gani a baje koli mai reshen nan. Sau huɗu ina haska abin nan ina rubutu. Ko dai wayar ta ƙi turawa, ko saƙon ya dawo min. Na ba malamaina biyu suka gwada da nasu, duk kanwar ja ce. Yau na zo garin nan duba ƙanwata, na ce bari na bi sunan da ke jikin katin, ko Allah zai sa ku san inda mutumin yake."

Auta ta karɓi wayar matar, ta buɗe saƙon da ya dawo, ta ƙara girman rubutun da yatsu biyu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta jawo aljihun tebur ta lalubo takardar da Injiniya ya rubuta, ta ajiye su gefe da gefe. Ba ta dubi matar ba, uban ta duba.

"Baba," ta ce a hankali, "ranar da muka yi katin nan, ka taɓa kwamfuta?"

"Gyara ɗaya na yi," in ji Malam, har da ɗan gyara zama. "Yaron nan Injiniya ya rubuta kira a maimakon ƙira."

"Innalillahi. Baba, adireshi ba kalma ba ce. Kamar haƙoran makulli ne, yadda aka yanka shi haka zai shiga. Adireshin nan ba shi da ƙugiya. Da ka sa masa, ka aika mutane gidan da babu shi a duniya."

Malam ya buɗe baki zai ce ai kuskuren na masu adireshin ne da ba su san Hausa ba. Sai ya fasa. Abin da ya faɗo masa shi ne Maƙeri a kan benci yana juya tafin hannu. Garin gyaran gira ya tsone ido, kuma ba nasa idon ba.

"Duk ɗari biyar ɗin?" ya tambaya.

"Duka, Baba. Laifina ne ni ma, da na tura gwaji da na gani."

"A'a. Kada ki raba min shi." Ya miƙe, jaridar ta zame ƙasa bai ɗauka ba. Ya dubi matar ya ce, "Hajiya, don girman Allah ki biyo ni. Yanzu. Da sauri."

A hanya shaiɗan bai bar shi ba. Ya ce masa, me zai sa ka tona wa kanka asiri? Ka kai matar, ka ce ga mai neman aiki Allah ya kawo, a yi murna a watse. In an tambaya, a ce inji ne ya yi kuskure, inji ba ya jin kunya. Malam ya saurari shawarar nan tun daga bakin titi har kwanar lungu, kuma in faɗa maka gaskiya ta yi masa daɗi. Abin da ya ɓata ta shi ne, in ya yi shiru, Maƙeri zai ci gaba da ɗaukar cewa cikin mutum ɗari biyar ɗaya ce tak ta ga aikinsa da daraja.

Sun tarar da motar ɗaukar kaya a ƙofar maƙera. An riga an loda teburin aiki da tarin ƙarafa, ƙarti uku suna nishi suna cicciɓo uwar maƙera, Injiniya yana nuna musu inda za su sa. Maƙeri yana tsaye a gefe da wankakkiyar riga, irin wadda ba a aiki da ita, da kwaɗo a hannu.

"Baffa, sannu da zuwa," in ji Injiniya. "Na ɗauka ba za ka zo ba."

Malam ya wuce kai tsaye wurin Maƙeri. Ya zaro jan bironsa, ya nemi takarda bai samu ba, sai ya karɓi katin daga hannun matar ya juya bayansa. Rubutun ya fito a karkace, abin da bai taɓa yi ba. Ya rubuta, "Mutane sun rubuto. Saƙon bai iso ba. Ni na ɓata adireshin, na sa wa kira ƙugiya. Ba Auta ba ce, ba inji ba ne. Ni ne."

Maƙeri ya sa tabarau ya karanta. Ya sake karantawa. Ya ɗago ya dubi Malam, ya dubi baƙuwar. Ita kuma, da yake mace ce mai hankali, sai ta miƙa masa wayarta da saƙon da ta rubuta tun makonni uku da suka wuce. Ya karanta a fili, da ƙarfi, kalma-kalma, har ƙartin suka ajiye abin da ke hannunsu. Ta rubuta cewa ta zagaye baje kolin duka ba ta ga aiki irin nasa ba, tana son ƙofa mai faɗin da mota za ta shiga, da reshen nan nasa, kuma ba ta gaggawa, ya yi ta yadda ransa ke so.

Da ya gama ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Wannan mutum ɗaya ke nan," ya ce. "Sauran fa? Mutum nawa suka rubuto?"

Malam ya dubi Injiniya ko zai cece shi. Injiniya ya girgiza kai. Saƙon da bai iso ba ba ya barin sawu. Malam ya karɓi katin, ya nemi ɗan wurin da ya rage, ya rubuta, "Ban sani ba. Babu wanda zai taɓa sani."

Maƙeri ya gyaɗa kai a hankali. Bai yi ihu ba, kuma da ihun ya yi da ya fi wa Malam sauƙi.

"Wata guda," ya ce. "Wata guda ina kallon hannuwan nan ina cewa sun mutu ban sani ba. Na daina cin abinci, Malam. Kana zuwa kana zama kusa da ni kana zagin zamani."

Malam ya sunkuyar da kai.

Injiniya ne ya matso, ya dafa kafaɗar uban, ya kai baki kusa da kunnensa ya ce da ƙarfi, "Baba, mutum ɗaya muka ce. Ga ta nan a tsaye." Sannan ya juya wa ƙartin ya ce, "Ku yi haƙuri, bayin Allah. A sauke."

Aka fara saukewa. Maƙeri ya jefa kwaɗon a aljihu, ya naɗe hannun wankakkiyar rigar, ya ɗauko abin awo da alli, ya ja wa matar benci ya ce ta zana masa yadda bakin makarantar yake. Ya tsaya a kan ƙartin sai da suka mayar da uwar maƙera daidai kan tabon da ta bari a ƙasa. Duk wannan bai dubi inda Malam yake ba ko sau ɗaya. Malam ya tsaya a bakin ƙofa, ya rasa shiga ya rasa fita, har ƙartin suna cewa ya ɗan matsa.

Da ya ga tsayuwar ba ta da amfani sai ya juya zai tafi. Ya yi taku uku, muryar nan mai cika lungu ta same shi a baya.

"Malam!"

Ya waiwayo. Maƙeri yana durƙushe yana tara gawayi a murhu, bai ɗago ba.

"Yau kam ba na son ganin fuskarka," ya ce. "Gobe ka zo."

Malam ya ɗaga hannu alamar ya ji, ko da yake babu mai kallonsa. Ya kama hanya, kuma bai kai bakin lungun ba kuka ya ƙwace masa.